Lidström ya rataye takalmi: me ya sa Detroit ta kasa samun magajinsa?

Na san da yawa daga cikinmu in an ce hokin ƙanƙara sai mu ce wannan ai wasan mutanen ƙasashen sanyi ne, ina ruwanmu. Toh haka ne, amma ni dai tunda na fara bin wasan a intanet na kasa dainawa, kuma akwai labari guda ɗaya a cikinsa da nake ganin duk mai kallon ƙwallo zai gane shi ko da bai taɓa ganin ƙanƙara da idonsa ba. Labarin ɗan wasan baya ne wanda ya shekara 20 a kulob ɗaya, ranar da ya ce ya gama sai kowa ya fara tambayar wa zai maye gurbinsa, kuma maganar gaskiya tambayar nan ta fi shekara 10 tana yawo a garin Detroit.

Sunansa Nicklas Lidström, mutumin ƙasar Siwidin, an haife shi a 1970. Kulob ɗinsa Detroit Red Wings da ke gasar NHL, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada. Ranar 31 ga Mayu 2012 ya zauna gaban 'yan jarida ya ce ya yi ritaya, yana da shekara 42. Ba kora aka yi masa ba, ba kuma wasansa ne ya lalace ba, shekara ɗaya kafin nan ma shi aka ba kyautar gwarzon ɗan baya na gasar gaba ɗaya. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne ya gwada komawa atisaye bayan an gama kaka sai ya ji ƙarfin da zuciyar da ake buƙata babu su kamar da, shi kuma ba zai yarda ya buga wasa ƙasa da yadda ya saba ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma gida Siwidin.

Kafin mu shiga maganar magaji bari in ɗan bayyana aikin, don in ba ka san me ɗan baya yake yi a hoki ba ba za ka gane girman ramin da aka bari ba.

Kowane ɓangare mutum 6 ne a fili, gola ɗaya, 'yan baya 2, 'yan gaba 3. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri ake kora shi da sanda, amma in ya shiga raga mu dai ƙwallo za mu ce an ci. Wasan minti 60 ne an raba shi uku, 20 20 20. Babban bambancinsa da ƙwallon ƙafa shi ne canji, saboda gudun da ake yi a kan ƙanƙara babu wanda zai iya jure shi ya daɗe, ɗan wasa zai shiga ya yi kamar daƙiƙa 45 ya fito ya huta wani ya shiga, ana cikin wasa ake canjin ba sai an tsaya ba. Don haka kulob yakan zo da 'yan baya 6, an haɗa su biyu biyu, layin farko da na biyu da na uku. Layin farko su ake turawa duk lokacin da taurarin abokan hamayya suka shigo, su ake turawa in ana kare ci ɗaya a mintin ƙarshe, su ne in an kori ɗan wasanku na minti 2 kuka koma 4 da 5, su ne kuma in ku kuka samu wannan rinjayen. Na layi na uku wataƙila ya samu minti 14 ko 15 a wasa, kuma koci yana lallaɓa shi ne yana ɓoye shi daga manyan 'yan gaba. Lidström kuwa lokacin da yake ganiyarsa yana kai minti 28 a wasa ɗaya, kusan rabin wasan kenan yana cikin fili. A jerin wasannin ƙarshe na cin kofi na 2002 da Carolina akwai daren da aka yi ta ƙarin lokaci har sau uku, ya buga sama da minti 50.

To ka ga in mutum irin wannan ya tafi ba kujera ɗaya ce ta zama fanko ba. Mintocinsa dole a raba wa wasu, wanda yake layi na biyu ya hau na farko, na uku ya hau na biyu, yaron da yake benci ko ƙaramin kulob ya shigo, kowa an ɗora masa kayan da ya fi wanda ya saba ɗauka. Nan ne asalin ciwon yake.

Lambobinsa kuma ga su nan ga mai son lissafi. Wasa 1,564 a kakar yau da kullum, ƙwallo 264, ya taimaka an ci 878, jimla maki 1,142. Kofin Stanley, wato kofin zakaran gasar, sau 4, a 1997, 1998, 2002 da 2008. Kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya sau 7, Bobby Orr ne kaɗai ya fi shi da guda 8. A 2002 ya zama ɗan Turai na farko da aka ba kyautar Conn Smythe ta gwarzon zagayen neman kofi, wato wasannin fitar da juna da ake yi bayan kakar yau da kullum, a 2008 kuma ɗan Turai na farko haifaffen can kuma wanda ya koyi wasa a can da ya ɗaga kofin a matsayin kyaftin. Ga zinaren Olamfik na 2006 a Turin inda shi ya ci ƙwallon da ta ba Siwidin nasara a kan Finlan. Kuma a shekara 20 ɗin nan ko sau ɗaya Detroit ba ta rasa shiga zagayen neman kofi ba.

Amma ni lambar da ta fi tsaya min a rai ita ce 514, wato yawan mintocin da ya yi a bencin hukunci a duk wasanninsa na kakar yau da kullum. A wasan da ake bangazar juna da katanga har gilashi ya girgiza, wasan da wasu 'yan baya suke tara minti 150 a kaka ɗaya, mutum ya shekara 20 yana tare manyan 'yan gaban duniya amma laifinsa bai wuce minti 25 ko 26 a kaka ba. Wannan yana gaya maka ba da ƙarfin tuwo yake wasa ba.

Ka nemi bidiyonsa a YouTube ka kalla a hankali, kar ka bi faifan da ido, shi za ka bi. Ɗan gaba zai taho a guje ta gefen katanga, Lidström yana sulalewa da baya da baya yana fuskantarsa, sandarsa a miƙe da hannu ɗaya tana shafar ƙanƙara, bai matso da yawa ba bai kuma ja da yawa ba, yana ta matse shi yana tura shi wajen bango a hankali har hanya ta ƙare masa, sai ka ga ya ɗan tsikari faifan da bakin sanda, shikenan hari ya mutu. Ba faɗuwa ba karo ba ihun 'yan kallo. Daga nan ya ɗaga kai ya miƙa wa 'yan gabansu Pavel Datsyuk ko Henrik Zetterberg faifan daidai kan sandarsu suna cikin gudu, kafin abokan hamayya su juyo an riga an wuce su. Wannan bugun farko na fita daga gida shi ne rabin aikin ɗan baya, don in ya kasa yi sai dai ya doka faifan da bango ya yi waje ya koma hannun abokan hamayya su sake dawowa, ku wuni kuna kare gida.

In kuma su ke da rinjayen mutum ɗaya, yana tsaye a kan shuɗin layin da ke bakin yankin abokan hamayya, abokin wasansa Tomas Holmström ya je ya tsaya ƙiƙam a gaban gola ya tare masa gani yana shan duka a baya, shi kuma Lidström ya saki faifan ƙasa ƙasa ta inda babu ƙafar kowa. Wani lokaci ma da gangan yake saɓa raga ya doka katangar baya ta filinsu na Joe Louis Arena, don ya san yadda take dawo da faifai gaban gola. In abokan hamayya suka yi ƙoƙarin cilla faifan sama don su fitar da shi, ya sa sanda ya kaɓo shi a iska ya ajiye. Abokan wasansa har suna suka sa masa da ke nufin mutumin da ba shi da aibu. Irin wannan aikin ba ya fitowa sosai a bidiyon ƙwallayen mako, shi ya sa sai da ya kai shekara 31 aka fara ba shi Norris, bayan ya zo na biyu sau uku a jere.

Yanzu ga inda maganar take da sarƙaƙiya. Mu da muka saba da ƙwallon Turai tunaninmu shi ne in tauraro ya tafi mai kulob ya buɗe jaka ya sayo wani. A NHL ba a sayen ɗan wasa da kuɗi daga wani kulob. Manyan hanyoyin uku ne. Ko ku yi musaya, ka ba da 'yan wasa ko damar zaɓen matasa a ba ka wanda kake so. Ko ka jira wanda kwantiraginsa ya ƙare ya shiga kasuwa ranar 1 ga Yuli ka lallashe shi. Ko kuma ka zaɓo yaro ɗan shekara 18 a taron zaɓen matasa na shekara shekara ka raine shi. Sannan tun 2005 akwai iyakar albashi, duk arzikin mai kulob ba zai wuce adadin da aka yanka wa kowa ba, lokacin da aka fara dala miliyan 39 ne na 'yan wasa gaba ɗaya. Kafin wannan doka Detroit tana cikin masu facaka da kuɗi, marigayi Mike Ilitch mai kamfanin Little Caesars ba ya jin ciwon kashewa, bayan dokar kuwa sai dabara.

Shi kuma zaɓen matasan an tsara shi ne yadda waɗanda suka ƙare a ƙasan teburi su ke fara zaɓa, zakara ya zo a ƙarshe, babu kuma faɗawa ƙaramin rukuni. Ma'ana nasarar da Lidström yake kawowa ita da kanta take hana kulob ɗin samun wanda zai gaje shi. Daga 1992 har 2016 Detroit ba ta taɓa zaɓa a cikin goman farko ba. Kuma ko wanda take da shi na ƙarshen zagayen farko sau da yawa ba da shi take yi don ta ƙaro gogaggu a ci kofi yanzu, haka aka yi wajen ɗauko Chris Chelios a 1999, da Dominik Hašek, da Mathieu Schneider, da Robert Lang a 2004. Ni ban ga laifinsu a nan ba, kofi ake nema kuma sun samu. Amma bashi ne, kuma ranar biya tana zuwa. Damar da suka ba Washington saboda Lang da ita aka zaɓi Mike Green, ɗan bayan da ya zo ya ci ƙwallo 31 a kaka ɗaya, Detroit ba ta same shi ba sai 2015 lokacin da ganiyarsa ta wuce.

Shi kansa Lidström ai sa'a ce da ƙwazon masu farautar 'yan wasa. A 1989 aka ɗauke shi na 53, a zagaye na uku, lokacin da kulob kulob ba su cika zuwa Turai su duba yara da kyau ba, a wannan shekarar dai suka ɗauki Sergei Fedorov da Vladimir Konstantinov. Zuwa 2012 wannan ƙofar ta rufe, kowane kulob yana da mutanensa a Siwidin da Finlan da Rasha, babu sauran lu'ulu'un da zai ɓuya har zagaye na uku cikin sauƙi.

Wani abin da mutane suke mantawa, ba shi kaɗai ya tafi ba. Brian Rafalski wanda suke layi ɗaya da shi lokacin kofin 2008 ya yi ritaya a Mayun 2011 alhali saura shekara ɗaya a kwantiraginsa. Brad Stuart kuma iyalinsa suna Kalifoniya, ya daɗe yana son komawa kusa da su, a Yunin 2012 aka miƙa shi San Jose. Kenan cikin wata 13 uku daga cikin manyan 'yan baya huɗu da suka ci kofi sun tafi, saura Niklas Kronwall shi kaɗai.

Janar manaja Ken Holland ya san haka, shi ya sa ya zuba duk ƙarfinsa kan mutum ɗaya, Ryan Suter na Nashville, ɗan shekara 27 wanda kwantiraginsa ya ƙare a wannan bazarar, kuma irin wasansa ya ɗan yi kama, natsuwa da cin mintoci ba hayaniya. Detroit tana da sararin kuɗi tunda dala miliyan 6.2 na Lidström sun sauka daga lissafi. Manyan kulob suka tashi takanas har jihar Wisconsin suka same shi a gida suka yi masa tayi mai tsoka. Ranar 4 ga Yuli 2012 Suter ya sa hannu a Minnesota tare da Zach Parise, kowannensu shekara 13 dala miliyan 98. Wanda zai iya zama madadinsa, Shea Weber, shi ma na Nashville, Philadelphia ta yi masa tayin shekara 14 dala miliyan 110, Nashville ta ce ta biya ta riƙe abinta. Kasuwa ta watse, Detroit ta tashi da Carlo Colaiacovo, wanda rauni bai bar shi ya buga abin kirki ba.

Har yau akwai magoya bayan da suke cewa da Suter ya zo da komai ya canza. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don a kakar farko a Minnesota shi ya fi kowa yawan mintoci a gasar kuma ya zo na biyu a Norris. Da ya zo da Kronwall ya zauna a inda ya fi dacewa da shi, kowa ya sauka mataki ɗaya ya numfasa. Amma ni ina ganin da ya jinkirta faɗuwar ne kawai da shekara uku ko huɗu, tunda Datsyuk da Zetterberg su ma sun haura 30 a lokacin, kuma kwantiragin shekara 13 kaya ne, Minnesota da kanta sai da ta biya shi ta sallame shi a 2021, nauyin kuɗin ya ci gaba da danne ta shekaru bayan nan.

Da kasuwa ta ƙi sai aka ce to a raba aikin a tsakanin na gida. Kronwall ya zama na ɗaya. Mutumin kirki ne kuma jarumi, ɗan Siwidin shi ma, an san shi da wani irin karo da yake yi wa ɗan gaba da ya sunkuyar da kai har sunansa ya zama kalma a bakin 'yan kallo. Ya ɗauki kayan iya ƙarfinsa har gwiwarsa ta gaji ya yi ritaya a 2019, ba wanda zai ce ya yi ha'inci. Sai dai Kronwall a bayan Lidström abu ne daban da Kronwall a gaba, da can taurarin abokan hamayya wani ne ke tare su shi kuma ya samu sararin farauta, yanzu shi ne mai tarewar. Aka haɗa shi da Jonathan Ericsson, dogo mai jiki wanda shi ne mutum na ƙarshe da aka zaɓa a 2002, na 291, wanda a ganina ɗan layi na uku ne mai kyau da aka tura layin farko don babu yadda za a yi. Sauran su ne Brendan Smith da Jakub Kindl, yaran da aka zaɓa a zagayen farko aka daɗe ana jira, da Kyle Quincey.

Maganar Quincey sai na ɗan tsaya a kai don ita ta fi min ciwo. Detroit ce ta zaɓe shi a 2003, ta rasa shi kyauta a 2008 saboda ba wuri, Los Angeles ta ɗauka. A Fabrairun 2012 da aka hango tafiyar Stuart da ta Lidström sai aka dawo da shi, aka ba Tampa Bay zaɓin zagayen farko na wannan shekarar. Wanda ya karɓi zaɓin a Tampa ba kowa ba ne illa Steve Yzerman, tsohon kyaftin ɗin Detroit wanda Lidström ya gada a 2006. Da wannan zaɓin na 19 ya ɗauki gola Andrei Vasilevskiy, wanda ya zo ya ci musu kofi biyu a jere a 2020 da 2021. Ba wanda zai iya sanin haka a lokacin, na yarda, amma yana nuna maka yadda tsoron rami yake sa a biya da tsada.

Kakar farko ba tare da shi ba ta yaudari mutane. Rikicin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa ya sa ba a fara ba sai Janairun 2013, wasa 48 kawai aka buga maimakon 82. Zetterberg ya karɓi kyaftin. Da ƙyar suka shiga zagayen neman kofi a na 7, sai da suka ci wasa huɗu na ƙarshe. A watan Maris sun samu wani yaro ɗan jihar Michigan, Danny DeKeyser, daga jami'ar Western Michigan, wanda babu kulob ɗin da ya zaɓe shi, ya shigo ya yi kyau nan take. Suka fitar da Anaheim a wasa na 7, tunda a zagayen wanda ya fara cin 4 cikin wasa 7 shi ke wucewa, suka sa Chicago a gaba da ci 3 da 1 a jerin wasa bakwai, saura ɗaya su wuce, Chicago ta dawo ta cinye uku a jere, Brent Seabrook ya ci ta ƙarshe a ƙarin lokaci, Chicago ta je ta ɗauki kofin. Mutane suka ce ka gani, koci Mike Babcock ya iya, an tsallake. Wannan nasarar a kan Anaheim ita ce ta ƙarshe da suka fitar da wani. 2014 Boston ta kore su a zagayen farko, 2015 da 2016 Tampa.

A nan ne nake ganin kuskuren yake, ba a rasa Suter ba. Kulob ɗin yana da tarihin shiga zagayen neman kofi shekara da shekaru a jere, abin alfahari ne, ga sabon fili ana shirin ginawa, ga mai kulob ya tsufa yana son ya ƙara ganin kofi, babu wanda yake son a ce a hannunsa igiyar ta tsinke. Sai aka riƙa ɗinke ɓaraka da dogayen kwantiragi ga 'yan wasa masu matsakaicin ƙarfi, Ericsson shekara 6, DeKeyser shekara 6 dala miliyan 30, ana ƙarewa a tsakiyar teburi, ba a kai ga kofi ba ba a kuma sauka ƙasa an samu zaɓin kirki ba. A tsarin NHL tsakiyar nan ita ce wuri mafi muni. Na fahimci dalilinsu wallahi, in kai ne Holland kana da Datsyuk da Zetterberg a ɗakin canza kaya da wane baki za ka ce musu mun fasa neman kofi za mu rushe mu sake gini? Amma jinkirin ya sa faɗuwar ta yi zurfi. Igiyar ta tsinke a 2017 bayan kaka 25 a jere, a shekarar da suka bar Joe Louis Arena. A kakar 2019-20 wasa 17 kacal suka ci cikin 71.

Ko da aka fara samun zaɓin sama ma ba a dace nan da nan ba. A 2018 suna da na 6, suka ɗauki ɗan gaba Filip Zadina, na 7 Vancouver ta ɗauki Quinn Hughes, ɗan bayan da yake wasa a jami'ar Michigan nan kusa da su, wanda ya ci Norris a 2024. Zadina bai yi abin da aka zata ba har suka rabu.

Sai 2019 Yzerman ya dawo gida a matsayin janar manaja, zaɓinsa na farko ya ba kowa mamaki har shi yaron da aka zaɓa, Moritz Seider ɗan Jamus daga kulob ɗin Adler Mannheim, na 6, alhali masana sun sa shi can ƙasa. Ba a yi gaggawar sa shi ba, ya yi kaka a ƙaramin kulob ɗinsu na Grand Rapids, ya yi wata a Rögle ta Siwidin, sannan ya shigo a 2021 ya buga duka wasa 82 ya tara maki 50 ya ci kyautar Calder ta gwarzon sabon shiga a 2022, kyautar da shi Lidström ma na biyu ya zo a bayan Pavel Bure a 1992. A 2021 suka ƙara da Simon Edvinsson, wani dogon ɗan Siwidin, shi ma na 6. Lissafa ka gani, daga Mayun 2012 zuwa ranar da Seider ya fara wasa shekara 9 ce da 'yan watanni kafin a samu wanda za a ce wannan ɗan layin farko ne na gaske.

Kuma Seider ba Lidström ba ne, bai kamata a ɗora masa wannan sunan ba. Shi mai karo ne, yana son jiki ya haɗu da jiki, yana tare faifai da ƙafa da ƙirji, hannun dama yake riƙe sanda shi kuwa Lidström hagu. Abin da ya gada shi ne mintocin da kuma taurarin abokan hamayya da ake jibga masa kowane dare, kuma yana ɗauka ba ya fashin wasa, shi ya sa a 2024 aka ba shi kwantiragin shekara 7. Duk da haka har ƙarshen kakar 2024-25 Detroit ba ta koma zagayen neman kofi ba, kaka 9 a jere kenan, don ɗan baya ɗaya ko biyu ba sa isa in babu na layi na biyu da gola tsayayye.

Lambarsa 5 tun 6 ga Maris 2014 aka rataye ta a saman fili, ba mai sake sa ta a Detroit, a 2015 kuma aka shigar da shi zauren gwarazan hoki da ke Toronto. A Janairun 2022 Yzerman ya jawo shi cikin shugabancin kulob ɗin a matsayin mataimakin shugaba mai kula da harkar wasa, yana zaune a Siwidin yana zuwa filaye yana duba yara, yana ba 'yan bayan da kulob ya zaɓa shawara. Cikin waɗanda aka ɗauka bayan zuwansa akwai Axel Sandin Pellikka, ɗan baya ɗan Siwidin, na 17 a 2023.